Yadda nake haɗa ƙaramin jirgin Hurricane irin wanda ya bi ta Kano

Idan za ka haɗa ƙaramin jirgin yaƙi na roba, kada ka ce kawai "Hurricane zan yi". Zaɓi jirgi ɗaya, na wuri ɗaya, a shekara ɗaya, ka nemi tsohon hotonsa ka ajiye a gabanka. Ni wanda na fi so shi ne Hawker Hurricane Mk I na hanyar Takoradi. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Yunin 1940, tekun Bahar Rum ya yi wa Ingila wuyar ratsawa, sai aka riƙa kawo jiragen a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, a haɗa su a can, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato N'Djamena ta yau, su ratsa Darfur zuwa Khartoum, sannan su bi kogin Nilu har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940, jirgin Blenheim a gaba yana nuna hanya, Hurricane na biye. Wannan jirgin ne za mu haɗa, da ƙurarsa da komai.

Sikeli biyu aka fi samu, wato sau nawa aka rage girman jirgin gaske. Faɗin fuka-fukan Hurricane na gaske ƙafa 40 ne, mita 12 da 'yan kai. A sikelin 1/72 zai fito kusan santimita 17, a 1/48 kuma kusan 25. Ga mai farawa ni 1/48 nake ba shawara, don sassan suna kamuwa a hannu kuma ido ba ya wahala. Kamfanin Airfix na da Mk I a 1/48, Arma Hobby na ƙasar Poland kuma suna da mai kyau a 1/72, sai dai nasu ya fi son hannun da ya saba.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka, wuƙa mai siririn baki ko sabuwar reza, hantsaki, samfefa mai lamba 400 da 800 da 1200, tef na takarda, tsinken sakace, da burushi biyu ko uku. Gam kuwa iri biyu. Na farko gam ɗin roba mai ruwa-ruwa, kamar Tamiya Extra Thin, wanda narkar da robar yake yi ta haɗe da 'yar'uwarta. Na biyu farin gam na kafintoci, don gilashi da agoguna kaɗai. Sufa gulu kada ya kusanci gilashin matuƙi, tururinsa na barin farin hazo a ciki, kuma da zarar ka rufe shi ke nan.

Kafin komai, wanke sassan da ruwa da ɗan sabulu, su bushe. Kada ka murɗe sashe daga jikin firam ɗin robar da yake zuwa a maƙale da shi. Yanke shi nesa kaɗan, sannan ka aske ragowar da wuƙa. Kowane sashe ka gwada shi a mazauninsa babu gam tukuna. Mafi yawan giɓin da ake cikewa daga baya, da an gwada tun farko an ɗan goge, da bai fito ba.

Daga ɗakin matuƙi ake farawa, don in ka haɗa gangar jirgin hannu ba zai ƙara shiga ba. Bangon ciki kore ne mai toka-toka, lamba 78 a fentin Humbrol, bututan ƙarfen da suka riƙe jikin kuma launin azurfa. Hurricane ba shi da cikakken daɓe a ƙarƙashin matuƙi, bututai ne da faranti biyu na ɗora ƙafa, saboda haka kada ka ga rami ka ce kamfani ya manta da wani abu. Allon agoguna baƙi. Ka diga farin gam da tsinken sakace a kan kowane agogo, in ya bushe sai ya yi ƙyalli kamar gilashi. Bel ɗin kujera da tef nake yinsa, in yanka siriri, in shafa masa ruwan ƙasa mai haske. Nan ba na daɗewa, rabin aikin ba a ganinsa bayan an rufe.

Haɗa gangar: ka manna ɓangarorin biyu a bushe, ka ɗaure da tef, sannan ka taɓa bakin burushin gam a kan layin haɗin, zai bi layin da kansa. Matsa kaɗan har ka ga narkakkiyar roba ta ɗan tsattsafo. Bar ta ta kwana. Washegari ka kankare, ka goge, layin ya ɓace. Amma a bayan kujerar matuƙi ka yi hattara da samfefa, kuma ga dalili.

Hurricane ba duka ƙarfe ba ne. Sydney Camm, wanda ya zana shi, ya bi tsohuwar hanyar kamfanin Hawker: ƙashin jikin bututan ƙarfe, a kansu siraran katakai, sannan a lulluɓe da yadi a shafe shi da sinadarin da ke ɗame shi. Daga bayan matuƙi har wutsiya yadi ne, shi ya sa kake ganin layuka a jere a tsawon gangar. Hanci da murfin inji alminiyam ne. Fuka-fukan farko ma yadi ne, daga baya aka koma na ƙarfe. In ka goge waɗancan layukan ka share abin da ya sa Hurricane ya zama Hurricane. Liƙa tef a gefe da gefen layin haɗin, ka goge tsakiya kaɗai.

Yanzu gyaran da zai mai da shi jirgin hamada. Injin jirgin, wato Merlin, yana shaƙar iska ta ƙarƙashin hanci, rairayi kuwa cin inji yake yi, don haka aka ɗora wa jiragen da za su Afirka matatar iska ta Vokes, wani ƙaton kumburi a haɓar jirgin kamar maƙoƙo, daga bayan farfela zuwa kusa da gaban fiffike. Muni ya ƙara masa, ya kuma rage masa gudu, amma inji ya daɗe. Wasu kwalayen sassan jirgin da ita suke zuwa, duba kafin ka saya. In babu, yi da kanka. Yanka falankin roba mai kauri biyu ko uku a siffar da ka gani a hoton gefe, ka manne su su zama dunƙule ɗaya, ka sassaƙa ƙasan ya yi kwana, ka goge saman har ya zauna daram a kan haɓar. Cire ƙaramin bututun iska na asali tukuna. Giɓin da ya rage ka cike da Milliput, wani ƙwaɓin cike giɓi wanda ake murɗa kala biyu a haɗa. Kafin ya daskare yana lallashuwa da jiƙaƙƙen yatsa, kuma hakan ya fi gugar samfefa sauƙi nesa ba kusa ba. Bakin matatar a gaba ka huda shi ka zurfafa, ka sa baƙin fenti a ciki. A kai a kai ka juya jirgin ka kalle shi ta gaba, don karkata ta nan take ɓuya.

Don doguwar tafiya akan ɗaura wa Hurricane tankunan mai biyu a ƙarƙashin fuka-fukai, kowanne galan 44. In hotonka na da su, ka sa. Sauran ƙananan gyare-gyare: huda bakin salansa da allura mai kaifi ko siririn abin huji, bindigogi takwas ne a Mk I, huɗu a kowane fiffike, kuma akan toshe bakinsu da jan ƙyalle don ƙura, sai ka yanka ɗan tef ka yi masa ja mai duhu. Wayar eriya kuwa, ɗauki guntun firam ɗin roba ka riƙe a saman kyandir har ya yi laushi, ka janye daga wutar ka ja hannu biyu a hankali, zai miƙe ya zama zare.

Launi ya danganta da hotonka. Jiragen farko da yawa sun iso da fentin Turai, kore mai duhu da ruwan ƙasa. Na hamada shi ne ruwan ƙasa mai duhu da ruwan rairayi a sama, shuɗi a ƙasa: 29 da 225 da 157 a Humbrol. Fara da mai haske. Tsarma fentin ya yi ruwa, ka shafa sau uku siriri maimakon sau ɗaya da kauri. Shafin farko zai yi muni, kada ka damu. A zafinmu fentin ruwa na bushewa a bakin burushi, don haka da asuba ko da dare nake yi, fanka a kashe. Da hunturu kuwa, kana gama shafawa kife babbar roba a kai, in ba haka ba ƙura za ta zauna a jiƙaƙƙen fentin.

Kafin sitikun alamomin jirgin, shafa banish mai ƙyalli, don a kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashinsu su yi fari-fari. Tsoma a ruwa mai ɗumi kaɗan, zame ta daga takarda zuwa wurinta, ka danna da auduga daga tsakiya zuwa gefe. In duk sun bushe, rufe da banish marar ƙyalli.

Tsufar da jirgi shi ne inda mutane ke wuce gona da iri. Ƙwarzanen azurfa a murfin inji, a gindin fiffiken hagu inda matuƙi ke takawa, da gaban fuka-fukai kaɗai. A kan yadi babu ƙarfen da zai bayyana, can sai dai launi ya koɗe. Kankare alli mai launi ya zama gari, ka ja hayaƙin salansa da busasshen burushi, toka-toka da ruwan ƙasa, yana bin gangar zuwa baya. Tayoyi da cikin ramukansu da ƙasan matatar ka ba su jar ƙura. Ka tuna kuma jirgin da ya sauka Kano sabo ne, kwanansa kaɗan da fita daga akwati: ƙura da ɗigon mai sun ishe shi, ƙwarzane kaɗan. Gilashi, farfela da wayar eriya su ne na ƙarshe, bayan ka gama juya jirgin a hannu.