Yadda ake shirin dashen ƙwai, da abin da ya kamata a sani kan aron mahaifa

Ma'auratan da suka shekara guda suna tare ba a samu ciki ba, kuma ba sa tsarin iyali, lokacin ganin likitan mata ya yi. Idan matar ta haura shekara 35, wata shida ya isa. A Yamai, asibitin haihuwa na Issaka Gazoby wuri ne da za a iya farawa.

Dashen ƙwai shi ne a ciro ƙwan mace, a haɗa shi da maniyyin miji a ɗakin gwaji, sannan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa. Kafin nan, a fara gwaji da maigida. Nasa ya fi sauƙi da arha, kuma abin takaici ne a ga mace ta sha magani shekara da shekaru alhali ba a taɓa duba mijin ba. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a zuba maniyyin a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, a kai cikin awa guda. Idan sakamako bai yi kyau ba, a sake bayan wata uku, domin ƙwayoyin maniyyi suna ɗaukar fiye da wata biyu kafin su nuna, kuma zazzaɓin cizon sauro kaɗai yana iya rage su na ɗan lokaci.

Gwajin uwargida yana bin kwanakin al'ada. Ana ɗibar jini don auna sinadaran jiki biyu da ke nuna yawan ƙwan da ya rage mata: na FSH a rana ta 2 ko ta 3, na AMH kuwa kowace rana. Hoton da ke nuna ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke ana yin sa bayan jini ya ɗauke, wajen rana ta 6 zuwa ta 12. Su biyun su yi gwajin sida, ciwon hanta B da C, rukunin jini da amosanin jini. Idan dukansu AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ta fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, aƙalla wata guda kafin a soma aikin dashen, a kuma daidaita suga da hawan jini.

Aikin dashen kansa yana farawa da allurar kullum mai sa ƙwai su girma, kwana 8 zuwa 12, ana bin girman ƙwai da hoton ciki. Mafi yawan alluran suna son sanyin digiri 2 zuwa 8. Da zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta, a tanadi kula da ƙanƙara tun kafin a sayo su, a naɗe kwalin da tsumma kada ya taɓa ƙanƙarar, don wanda ya daskare ya lalace. Allurar ƙarshe, mai sa ƙwai su ƙarasa nuna, ita ce ba ta son kuskure: ana ciro ƙwai awa 34 zuwa 36 bayanta. In an yi ta a makare ƙwan bai gama nuna ba, in an yi ta da wuri yana iya fita kafin likita ya kai gare shi. Bayan an haɗa ƙwan da maniyyi, ana mayar da ɗan tayi cikin mahaifa a rana ta 3 ko ta 5 da ciro ƙwai, a ci gaba da maganin furojestaron mai taimaka wa mahaifa riƙe ciki, a yi gwajin jini bayan kimanin mako biyu. Gwajin fitsari da wuri yana ruɗi, domin allurar ƙarshe tana iya nuna ciki alhali babu.

Kada a matsa wa likita ya saka biyu ko uku don kwaɗayin tagwaye. Haihuwar bakwaini da hawan jinin ciki sun fi yawa a nan. Kumburin ciki mai tsanani, amai, ƙarancin fitsari ko numfashi sama-sama bayan ciro ƙwai, a koma asibiti a ranar.

Aron mahaifa kuwa, wato a sanya ɗan tayin ma'aurata a mahaifar wata mace ta ɗauki cikin, ana kawo maganarsa ne ga wadda aka cire wa mahaifa, ko aka haifa babu ita, ko wadda ciki zai iya halaka ta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashe da ƙwan mata da maniyyin mijinta a mahaifarta, ta haramta sanya shi a mahaifar wata. A Faransa doka ta hana, a Ingila an yarda amma ba a matsayin kasuwanci ba. Wanda aka yi wa tayin zuwa ƙasar waje don aron mahaifa ya zauna da malaminsa da lauya tukuna, ya ji sunan wace mace za a rubuta a matsayin uwa a takardar haihuwa, da fasfon da jaririn zai shigo gida da shi, kafin ya biya ko dala.