Darasi na 9: Ƙurar da Ke Biyo Ma'aikaci Gida

Wannan darasi na matan magina ne, da matan kafintoci da makanikai da leburorin rusau, da duk wadda ke wanke wa wani kayan aiki. Na maza ne kuma, domin a jikinsu ƙurar asbestos take shigowa gida.

Mene ne asbestos?

Asbestos wani irin dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa. Idan an farfasa shi, sai ya warware ya zama zare-zare masu laushi. Wuta ba ta cin sa, ba ya ruɓewa, ga shi da araha. Shi ya sa aka riƙa kwaɓa shi da siminti ana yin kwanon rufi mai kauri mai ruwan toka, da silin, da bututun ruwa. An kuma sa shi a birkin mota da kuloci, saboda yana jure zafi. A Nijeriya an yi masana'antun kayan asbestos a Legas da Enugu da Kano da Bauchi. Makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata masu yawa da aka gina a shekarun 1970 da 1980 da shi aka rufe su, kuma yana nan a kansu har yau.

Kwanon da yake zaune lafiya a kan rufi, bai fashe ba, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Matsala tana farawa ne ranar da aka sa masa zarto, ko aka huda shi, ko aka kankare shi, ko aka rushe ginin. A lokacin ne zaren ke tashi cikin iska. Ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganin sa, ba shi da wari.

Duk wadda ta taɓa yin sussuka ta san yadda ƙaiƙayi ke maƙalewa a zani da gashi, ya biyo mutum har ɗaki. Haka ƙurar asbestos take yi. Sai dai ƙaiƙayi yana sa susa, mutum ya tashi ya yi wanka. Ita wannan ba ta sa susa, ba ta sa tari a ranar. Mutum zai shaƙe ta ya kwana lafiya ƙalau.

Abin da take yi a ƙirji

Zaren da ya shiga huhu ba ya narkewa, jiki kuma ba ya iya fitar da shi duka. Yana nan yana sukar nama a hankali. Bayan shekara 20, ko 30, wani lokaci har 50, sai ciwo ya bayyana. Akwai wanda huhunsa ke yin tabo ya taurare, numfashi ya gagare shi. Akwai ciwon dajin huhu. Akwai kuma ciwon daji na tantanin da ya lulluɓe huhu ko kayan ciki, wanda likitoci ke kira mesoteliyoma. Wannan na ƙarshe kusan duk inda aka gan shi, asbestos ne sanadi, kuma ƙura kaɗan ma tana iya jawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane irin asbestos, fari ko ruwan ƙasa ko shuɗi, yana haddasa ciwon daji, kuma mutum fiye da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar sa a wurin aiki.

Yadda aka gane yana kama iyali

Da farko an ɗauka ciwon na ma'aikata ne kawai. A 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, Dakta Wagner, ya ba da rahoton mutum 33 masu mesoteliyoma daga yankin da ake haƙar shuɗin asbestos. Wasu daga cikinsu ba su taɓa shiga ramin haƙa ba, zama kawai suka yi kusa da wurin.

A 1965 wasu masu bincike biyu, Muriel Newhouse da Hilda Thompson, suka bi tarihin masu wannan ciwo a wani asibitin Landan. Cikin mutum 76 da aka samu cikakken labarinsu, akwai 9 da ba su yi aikin asbestos ba, a gida suka shaƙi ƙurar. Gida ɗaya suke zaune da mai aikin, kuma akwai waɗanda su ne ke wanke masa kaya idan ya dawo fari fat da ƙura.

A garin Casale Monferrato na Italiya akwai babbar masana'antar kwanon asbestos da aka rufe a 1986. An bi lafiyar matan ma'aikatan su 1,780, waɗanda ba su taɓa aiki a ciki ba. An samu 11 da mesoteliyoma, ciwon da a sauran jama'a da ƙyar ake ganin sa. Waɗannan mata ba su yi laifin komai ba. Hidimar gida suka yi, kamar yadda kowace mace ke yi, babu wanda ya gaya musu. Italiya ta hana asbestos a 1992, Birtaniya a 1999, Afirka ta Kudu a 2008. Amma hanawa ba ta sauke tsohon kwano daga kan rufi, a can ko a nan.

Ta ina ƙurar take shigowa?

Ku dubi magini da ya wuni yana sauke tsohon silin. Da yamma ya hau babur da kayan da ya yi aiki da su. Yana sallama yara suka rugo, ƙaramin ya rungume masa ƙafa, ya sa fuska a wandonsa. Ya zauna a tabarma ya sha ruwa. Ya tuɓe rigar ya rataye a bayan ƙofar ɗakin kwana. Da safe uwargida ta ɗauko ta, da goyo a bayanta, ta kama kafaɗun rigar ta kakkaɓe sau biyu ko uku kafin ta sa a baho. Wannan kakkaɓewa ita ce mafi muni a duk abin da aka yi. Ƙurar ta tashi daidai hancinta da na ɗan goyon. Wadda ta sauka ƙasa kuma, tsintsiya za ta sake tayar da ita gobe.

Akwai wata hanya da ba a cika lura da ita ba. Idan an rushe gini, mutane kan kwashi gutsattsarin kwanon su kai gida. Wani ya yi ciko da su a tsakar gida, wani ya kare murhu daga iska, wani ya rufe akurkin kaji. Yara kuma su ɗauki ƙanana suna zane da su a ƙasa. Abin kyauta ne, shi ya sa yake da wuyar bari, amma a bar shi.

Mu karanta tare

Uwargida: Maigida, sannu da aiki. Yau wane aiki aka yi?
Maigida: Yawwa. Tsohon silin muka sauke a wata makaranta.
Uwargida: To, don Allah kada ka shiga ɗaki da kayan nan. Ga leda, ga ruwa a banɗaki.
Maigida: Ai na canza tun a can. Suna cikin ledar nan, na ɗaure bakinta.
Uwargida: Madalla. Yara, ku bari Baba ya yi wanka tukuna.

Abin da za a yi

Mafi kyau shi ne kayan aiki kada su zo gida ko kaɗan. Mai aiki ya ware riga da wando da hula da takalmi na aiki kawai, ya canza a can, ya wanke hannu da fuska da kai kafin ya kama hanya. Wannan nauyi ne da ya kamata mai ba da aiki ya ɗauka: ya samar da kayan aiki, da wurin canzawa, da ruwa. Ma'aikata su haɗa baki su nema, ba roƙo ba ne.

Idan dole sai an kawo su gida, a zo da su cikin leda a ɗaure. Mai wanki ta fita fili, nesa da yara da wurin girki. Kada ta kakkaɓe, kada ta buga, kada ta goge da burushi. Ta zuba ruwa a cikin ledar kayan su jiƙe sharkaf kafin ta fito da su, domin jiƙaƙƙen zare ba ya tashi. Ta wanke su su kaɗai, a bahon da ba a wanke kayan yara a ciki. Ruwan wankin a zuba shi a rami a rufe da ƙasa. Idan aka watsa shi a tsakar gida, rana za ta busar da shi, ƙurar ta dawo. Kayan da suka yi ƙura ƙwarai gara a ɗaure su a binne, sabuwar riga ta fi jinya sauƙi. Wanki yana rage zaren ne, ba ya cire shi duka.

Inda ƙurar ta zuba a ɗaki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a jefar da tsumman. Ban da shara da tsintsiya a bushe.

A wurin aiki ma ruwa ne babban mataimaki. A jiƙa kwano kafin a taɓa shi, a kwance ƙusa a sauke shi ɗungurungum, kada a jefo shi daga sama, kada a sa masa injin yanka. Makanike kada ya hure ƙurar birki da baki ko da iskar famfo, ya goge da jiƙaƙƙen ƙyalle. Rawani ko hankici ko takunkumin yadi ba sa tare wannan zare, sai takunkumi na musamman mai matata. Ido ba ya iya bambance kwanon da ke da asbestos da wanda ba shi da shi, don haka duk tsohon kwanon siminti da tsohon silin a ɗauka yana da shi.

Mai shan taba da ke wannan aiki ya daure ya bari. Taba da asbestos idan suka haɗu, haɗarin ciwon dajin huhu ninkawa yake yi.

Yaushe za a je asibiti?

Idan numfashi ya fara yin wuya, ko tari ya ƙi tafiya, ko ƙirji na ciwo, ko mutum na ramewa ba dalili, a je asibiti. Waɗannan alamu sun yi kama da na tarin fuka, shi ya sa dole a ba likita labari. Mace ta buɗe baki ta ce: "Likita, mijina ya yi aikin kwanon asbestos, ni ce ke wanke masa kaya." Ko da shekara 30 ke nan da barin aikin, ko da mijin ya rasu, a faɗa. Wanda ya girma a irin wannan gida shi ma ya faɗa.

Aikin aji

1. Me ya sa ba a kakkaɓe kayan aiki kafin wanki?
2. Ina za a zuba ruwan wankin?
3. Rubuta jimlar da za ki gaya wa likita.
4. Zagaya gidanku yau. Akwai gutsuren tsohon kwano a murhu, ko akurki, ko inda yara ke wasa? Rubuta inda ka gan shi, ka kawo rubutun aji mako mai zuwa.