Shawara ga masu niyyar hawan Dutsen Kwatarkwashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya yi niyyar hawan Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, kusa da Gusau, ya fara tuntuɓar mutanen garin kan halin tsaro, sannan ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora. Ya fi kyau a kama hanya bayan sallar asuba, domin da rana ta take, dutsen yana ɗaukar zafin da ko tafin hannu ba ya iya jurewa. A sa takalmi mai riƙe ƙasa, ban da silifa, musamman da damina lokacin da santsi yake yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da baƙi ke yi. 'Yar ƙasar da ke maƙale a tsagogin dutse ta daɗe tana taruwa, kuma ita ce ke riƙe da ciyawa da ƙananan itatuwa, saboda haka idan aka tattake ta ko aka tumɓuke tsiron, ruwan sama yakan wanke ta gaba ɗaya. A bi sawun da aka saba bi, kada a kunna wuta da rani, kada a taɓa sheƙar tsuntsaye, kuma kowa ya sauko da ledar ruwansa.