Yadda Ake Gane Tayirod Mai Aiki Fiye Da Ƙima Da Matakan Da Za A Bi

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi wadda likitoci ke kira tayirod. Idan ta kumbura har ta fito fili, shi ne abin da muka sani da maƙoƙo, sai dai ba kowane maƙoƙo ne ke nuna yawan aiki ba, kuma tana iya wuce gona da iri alhali wuyan bai nuna komai ba. Aikinta shi ne zuba sinadarai biyu a cikin jini, T4 da T3, waɗanda ke ƙayyade saurin da jiki yake ƙona abinci. Da zarar sun yi yawa, sai zuciya da hanji da jijiyoyi duk su shiga gaggawa.

A fara da lura da jiki. Alamar da ta fi jan hankali ita ce mutum yana ci sosai amma yana ramewa, ga zufa ko da a cikin hunturu, ga faɗuwar gaba, rashin barci, saurin fushi da yawan zuwa ban ɗaki. Mace za ta iya ganin jinin al'adarta ya ragu, wasu kuma cinyoyinsu kan yi rauni har tashi daga tabarma ya zama aiki. Da yake ramar tana kama da ta ciwon suga ko tarin fuka, mutane da dama sukan shafe watanni suna shan maganin da bai shafe su ba, wasu ma a ce musu sammu ne ko iska, alhali gwajin jini ɗaya zai warware zancen.

Akwai abubuwa biyu da za a iya yi a gida kafin a je asibiti. A zauna a huta na ɗan lokaci, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga bugun jini na minti ɗaya. Idan yana haura 100 a kai a kai ba tare da zazzaɓi ba, a rubuta. Sannan a miƙe hannuwa a ɗora takarda a bayansu, domin rawar hannun da ido bai gani ba takarda za ta nuna ta.

A asibiti, gwajin da ake nema shi ne na TSH, kuma a nan ne mutane kan ruɗe. TSH umarni ne da wata halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take aika wa tayirod cewa ta yi aiki, saboda haka idan aikin ya riga ya yi yawa, sai ta janye umarnin. Ke nan a wannan ciwo TSH ƙasa yake yi, T4 ko T3 kuma su yi sama. Daga nan likita zai nemi musabbabi. Mafi yawa cutar Graves ce, wadda ta ɗauki sunan likitan Ayaland da ya bayyana ta a 1835, inda garkuwar jiki ke tunzura tayirod. Ta fi kama mata, kuma ita ce ke sa idanu su firfito, musamman ga masu shan taba. A wajen dattawa, sau da yawa ƙulli ne a cikin tsohon maƙoƙo ya kama aiki shi kaɗai.

Maganin da aka fi farawa da shi shi ne carbimazole, wanda ga mai cutar Graves ake sha kamar wata 12 zuwa 18, tare da maimaita gwaji don daidaita adadinsa. Ana haɗawa da propranolol don kwantar da bugun zuciya da rawar hannu, amma mai asma ya sanar da likita tun farko, domin maganin yana iya tayar masa da ita. Idan ciwon ya dawo bayan an daina, abin da ke faruwa da kusan rabin masu shi, sai a duba aidin mai ƙarfin nukiliya, wato sinadarin da ake sha don ya rage ƙarfin tayirod, ko tiyata, kuma bayansu mutum kan buƙaci shan sinadarin tayirod har iya rayuwarsa.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne dakatar da magani saboda an ga jiki ya dawo, domin ciwon da aka bari yana raunana ƙashi, yana hargitsa bugun zuciya har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Amma akwai lokacin da tsayawa ya zama dole: duk mai shan carbimazole da ya ji zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ya ajiye maganin ya je a gwada fararen ƙwayoyin jininsa a ranar, kada ya tsaya sayen maganin maleriya a kemis. Mace mai juna biyu ko mai neman haihuwa ita ma ta gaya wa likita da wuri, saboda a watanni uku na farko akan sauya mata zuwa wani magani mai suna propylthiouracil, aidin mai ƙarfin nukiliya kuwa ba a ba mai ciki ko mai shayarwa.