Ke da kike duba masu ciwon damuwa, in ke ya kama bayan haihuwa fa?

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa, kuma wallahi a cikinmu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa maganar nan ta zauna daram. Mace ta yi shekaru tana zaunar da masu jego tana saurarensu, sai ta haihu, ga shi ita ma ba barci ba cin abinci, jariri na kuka tana kuka, amma bakinta ya yi nauyi saboda ta san abin da za a ce: "Haba, ke da kike yi wa wasu magani?" A gida a ce iska ce ko sammu, a wurin aiki kuma tana tsoron kar a daina turo mata marasa lafiya.

To 'yar uwa, fara da ƙirga kwanaki. Kukan nan da saurin fushi na satin farko yawanci yana wucewa kafin sati biyu, in ya zarce haka kina jin duniyar ta fita ranki, ko jaririn ma ba kya son ɗauka, daina ce masa gajiyar jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mata 13 cikin 100 ke shiga wannan hali bayan haihuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma kusan 20 ne, kuma ba inda aka ce ban da masu digiri.

Tambayoyin nan goma na Edinbara da ake amfani da su tun 1987 wajen auna damuwar bayan haihuwa ta hanyar ba da maki, kar ki cike su ke kaɗai a ɗaki. Kin san amsar da ke rage maki, za ki yaudari kanki ba ki ma sani ba. Wani ya tambaye ki, ke ki amsa.

Sai batun inda za ki je, a ganina nan ne yawancinmu ke maƙalewa. Ba dole ba ne ki yanki kati a asibitin da kike aiki, inda mai ɗauko fayil ya san ki ya san mijinki. In a Kano kike aiki ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, na Sakkwato ga na Kware, ko ki nemi likitan da ba ajinku ɗaya ba ki gan shi a asibitin kuɗi. Ranar farko ki tambaya kai tsaye, wa da wa ke ganin fayil ɗina? Haƙƙinki ne, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tanadi a rufa wa mara lafiya asiri. In kin shiga kuma ki ajiye rigar aiki a bakin ƙofa, kar ki tsaya kina gyara wa likita bayani.

Kar ki rubuta wa kanki magani, kar ki tambayi ƙawa a WhatsApp "don wata mara lafiyata" alhali ke ce. A duba jininki da tayirod, wato halittar nan ta wuya da in ta kumbura ake ce mata maƙoƙo, don ƙarancin jini da matsalar tayirod duk suna iya kama da damuwa. In tsoron shayarwa ne, akwai magunguna irin su sertraline da ake ba masu shayarwa, likitanki zai zaɓa.

A gida mutum ɗaya ya isa, maigida ko yayarki, ki ce ba ni da lafiya, ina ganin likita, ku riƙe min yaro awa huɗu ko biyar in yi barci. In Hajiya ta kawo rubutu ko tofi ki karɓa ki gode, addu'a ba ta hana shan magani. Oga kuma ba sai ya ji komai ba, ki ce a rage miki masu jego na ɗan lokaci kawai.

Amma in kin fara jin muryoyi, ko kwana da kwanaki idonki biyu kuma ba kya jin barcin, ko tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo miki, wannan ba na jiran wayewar gari ba ne. Ruɗewar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1000, kuma tana saurin tsananta. A kai ki asibiti mafi kusa a daren, ko da wanda kike aiki ne.