Darasi na Tara: Ruwan Kogi da Maiƙon Kifi

Duk wanda ya taɓa dafa farfesun tarwaɗa ya san maiƙon nan da ke tasowa saman romo. Wasu mata sukan kwashe shi su zubar, wasu kuma don shi suke sayen kifin. A wannan darasi za mu ga inda maiƙon ya samo asali, da yadda ƙazantar kogi ke sauya shi tun kafin masunci ya jefa birgi.

Maiƙo iri-iri ne. Na kitsen rago daban, na man gyaɗa daban, na kifi ma daban. A cikin na kifi akwai wani nau'i da likitoci ke kira omega-3, kuma mafi amfani a cikinsa su ne guda biyu da ake taƙaita sunansu da EPA da DHA. Da DHA ake gina wani sashe na ƙwaƙwalwa da na ido, musamman a watanni ukun ƙarshe na ciki da shekaru biyun farko na rayuwar yaro. Jariri daga jikin mahaifiyarsa yake samu, ta mabiyiya da farko, daga baya ta nono. Jikin mutum yana iya haɗa ɗan kaɗan da kansa, amma bai kai abin da ake bukata ba. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ba da shawarar a ci kifi sau ɗaya ko sau biyu a mako.

Daga gansakuka zuwa tukunya

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yawancin wannan maiƙo ba kifi ne ke ƙirƙirarsa ba. Tsintarsa yake yi a abinci.

A cikin ruwa akwai tsirrai ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya ganin ɗaya-ɗayansu sai sun taru. Dangin gansakuka ne. Idan ka taka dutse a cikin kogi mai tsabta ka ji santsi, ka duba ka ga wani abu ruwan ƙasa-ƙasa ya lulluɓe shi, to su ne ka gani. Da hasken rana suke haɗa abincinsu, kuma a jikinsu omega-3 ke fara samuwa. Ƙananan ƙwarin ruwa da tsutsotsin da ke maƙale a ƙarƙashin duwatsu su ci waɗannan tsirrai. 'Ya'yan kifi da kawara su ci ƙwarin. Tsage da giwan ruwa su ci kawara. Sai mu kuma mu ci giwan ruwa. Kowane mataki yana karɓar maiƙon daga na ƙasa da shi ya miƙa wa na sama. Har tsuntsaye ma suna da rabo, domin ƙwarin da suka girma a ruwa suna yin fiffike su tashi, tsattsewa ta cafke su ta kai wa 'ya'yanta.

To, gansakuka ba duka ce ɗaya ba. Akwai wata mai launin kore shar, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi, wadda ke kwantawa a saman ruwa a madatsu da kududdufai lokacin bazara. Ita wannan kusan babu EPA ko DHA a jikinta. Ƙwarin ruwa ba sa son ta, in sun ci ma ba sa girma sosai, ba sa hayayyafa yadda ya kamata. Wasu nau'o'inta kuma suna fitar da guba mai cutar da hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe gubar.

Me ke sa koren ya rinjayi mai kyau? Taki ne. Abin da ke sa masara ta yi kore a gona, shi ke sa wannan gansakuka ta bunƙasa a ruwa: ragowar yuriya da NPK da ruwan sama ya wanko daga gonaki, ruwan masai da na kwata, jini da tumbin dabbobi daga mahauta, da kumfar garin sabulun wanki. Idan waɗannan suka yi yawa, ga zafi, ga ruwa ba ya gudu, sai koren ya rufe sama ya tare haske, mai kyau ta ƙasa ta mutu.

A nan ne mai saye ke ruɗuwa. Ruwan da ya cika da taki sau da yawa yakan ba da kifi mai yawa, har da masu ƙiba. Karfasa tana cin koren ta cika ciki. Amma kamar yaron da aka raina da kunu zalla ne, ciki ya cika, jiki bai samu abin gini ba. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan tafkunan ƙasar Finland ya nuna cewa a tafkunan da taki ya yi wa yawa, EPA da DHA da ke cikin tsokar kifi sun ragu idan aka gwada da na tafkuna masu tsabta. Kifin nasu ba irin namu ba ne, amma hanyar abincin ɗaya ce.

Abin da ke shiga maiƙo ya ƙi fita

Ɓarna ta biyu ta fi ta farko muni. Akwai magungunan ƙwari da ba sa narkewa a ruwa sai a mai. DDT na cikinsu, haka ma Gammalin, wanda wasu masunta marasa tsoron Allah suka daɗe suna zubawa a ruwa don kifi ya taso a kwasa. Irin wannan guba idan ta shiga jikin ƙwaron ruwa, kitsensa take nufa ta zauna. Ƙaramin kifi ya ci ƙwari dubbai, ya tara gubarsu duka. Babban kifi ya ci ƙanana ɗaruruwa, ya tara tasu. Saboda haka hanyar da ke kawo mana alheri, ita ce ke kawo cutar, kuma tana ƙara ƙarfi a kowane mataki. Tun 2009 aka sa sinadarin da ke cikin Gammalin a jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm, wato ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, ta hana, amma ragowarsa yakan daɗe a cikin laka.

Mu dubi Kano, tunda misalin a fili yake. Masana'antun jima da na wasu kayayyaki suna taruwa a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Rafin Salanta yana ɗaukar ruwan Sharaɗa ya kai kogin Challawa. Rafin Getsi yana ɗaukar na Bompai ya zuba a Jakara, wadda dama ta kwaso ruwan kwatar cikin birni, su tafi tare zuwa madatsar Wasai, inda ake su, ake kuma noman rani. A jimar zamani ana amfani da wani sinadari mai suna kuromiyam, kuma shi da darma sukan taru a hantar kifi da ƙodarsa da jajayen kunnuwan da yake numfashi da su. Shi kuwa Challawa bai tsaya a Kano ba. Yana haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, su gangara har fadamun Haɗeja da Nguru. Mutumin da ya zubar a sama da wanda ya sha a ƙasa ƙila ba za su taɓa haɗuwa ba.

Masunta sukan ce, ai ruwan da akwai tarwaɗa a ciki lafiyarsa ƙalau. Wannan magana ba ta tsaya ba. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita, don haka tana rayuwa a ruwan da ya kashe sauran kifaye. Idan ka ga kogi ya koma daga tarwaɗa sai tarwaɗa, kawara da tsage sun ɓace, to alama ce ta ciwo. Haka nan idan da asuba ka ga kifaye sun taso suna buɗe baki a saman ruwa, koren ne ya shanye iskar ruwan cikin dare.

A kasuwa da madafi

Kada wannan darasi ya sa kowa ya daina cin kifi. Mai ciki da ta bar kifi saboda tsoro ta yi asara ita da ɗanta. Abin yi shi ne a tambayi mai sayarwa daga wane ruwa kifin ya fito, a guji na kusa da bakin magudanar masana'anta, kuma kada a tsinci kifin da aka tarar ya mutu yana yawo. Ga mai ciki da mai shayarwa da yara, ƙananan kifaye sun fi tsohon babban kifi mai cin 'yan'uwansa, ga su kuma da araha. Idan ana shakkar ruwan, a cire kayan ciki da kunnuwan da kitsen ciki a zubar inda kaji ba za su ci ba, sannan a gasa a bar kitsen ya tsiyaye. Wannan yana rage gubar da ke cikin kitse, amma ba ya kawar da ita duka. Bandar da aka yayyafa wa fiya-fiya don tsoron ƙwari kuwa, wani bala'in ne daban, a bar wa mai ita kayansa.

Manomin rani da ke bakin kogi yana da nasa aikin. Ya binne taki kusa da shuka maimakon watsawa, kada ya zuba ana shirin ruwan sama, ya bar ciyawa tsakanin gonarsa da bakin ruwa, kuma ya daina wanke tankin feshi a kogi. Maganar zuba guba don kama kifi, a kai ta gaban Sarkin Ruwa da mai unguwa.

Aikin gida

Kowane ɗan aji ya je wurin wani dattijon masunci ko tsohuwar mai sayar da kifi, ya tambaye su sunayen kifayen da ake kamawa a ruwan garinku lokacin ƙuruciyarsu. A rubuta sunayen a layi ɗaya, a ja layi a ƙarƙashin waɗanda har yanzu ake samu. Sannan a rubuta abubuwa uku da ke kwarara cikin ruwan daga unguwarku, a kawo aji mako mai zuwa don a karanta wa juna.