Yadda ƙaramar ƙungiya za ta ci gaba da yaƙi da safarar mutane bayan tallafi ya yanke

Wannan rubutu na 'yan uwana ne masu ƙananan ƙungiyoyi irin tamu ta nan Kano, waɗanda suke fafutukar ƙwato yara da mata daga hannun masu safarar mutane, suka kuma wayi gari a 2025 aka ce musu kuɗi ya ƙare. Ranar 20 ga Janairu na shekarar ne Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka take bai wa ƙasashen waje na kwana 90. Tun wa'adin bai cika ba, sakataren harkokin wajensa Marco Rubio ya sanar a watan Maris cewa an soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, zuwa 1 ga Yuli kuma hukumar ta rufe. Ma'aikatar ƙwadagon Amurka ita ma ta soke tallafin kusan dala miliyan 500 na yaƙi da aikin tilas da bautar da yara. Birtaniya, wadda ta riga ta rage nata daga kashi 0.7 zuwa 0.5 na arzikin ƙasarta a 2021, ta ce za ta sake rage shi zuwa 0.3 nan da 2027. Irinmu ba daga hannun waɗannan manya muke karɓa ba. Babbar ƙungiya ce take karɓa ta tsakura wa matsakaiciya, matsakaiciya ta tsakuro mana, don haka da famfon ya tsaya daga sama, mu muka fara jin ƙishirwa.

Su kuwa dillalai ba abin da ya taɓa kasuwarsu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa aikin tilas yana samar wa masu cin moriyarsa dala biliyan 236 a kowace shekara. Dillaliyar da take kwaso yara mata daga ƙauye ta raba su gidajen aikatau tana nan. Mai yi wa zawarawa alƙawarin aiki a Saudiyya da bizar Umara yana nan. Hanyar Damagaram zuwa Agadas zuwa Libiya ma ba ta rufe ba. Ga abin da nake ganin ya kamata ku yi, bisa abin da muke yi a namu ɗan ofishin.

Ku fara da zama ku tsefe aikinku, ku ware wanda in ya tsaya wani zai cutu a yau. Taron wayar da kai a otal, buga riguna da huluna, babban allon talla na 30 ga Yuli, ranar yaƙi da safarar mutane ta duniya, duk waɗannan za su iya jira. Abin da ba ya jira shi ne kuɗin mota, abinci, magani da katin waya na wadda aka ceto. Ɗan abin da ya rage a asusunku, nan za ku zuba shi, kuma mafi muhimmanci a ciki shi ne kuɗin kai ta kotu.

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan yawancin shari'o'in da na gani suke mutuwa. An kama dillaliya, an gurfanar da ita, yarinyar da za ta ba da shaida an mayar da ita ƙauyensu. Kotu ta sa rana, a zo a ɗage, a sake sa wata. Kowane zama sai an je an ɗauko yarinyar da wani babba daga gidansu, a ciyar da su, a mayar da su. Da can tallafi ne yake biyan wannan. Yanzu idan ba ku biya ba, babu mai biya, su kuma mutanen dillaliya sun san hanyar gidan. Na zauna a zauren wani dattijo da aka riga mu zuwa wurinsa. Ga turmin atamfa a gefe ko leda ba a cire ba, ga katan ɗin taliya. Ya ce da ni, “Hajiya, matar nan 'yar garinmu ce, tare muke zuwa jana'iza da biki. Ta ce za ta biya kuɗin aikin yarinyar na baya. Ni kuma ko kuɗin motar zuwa Kano ba ni da shi.” Na ce, “Baba, kuɗin mota namu ne, mu za mu turo a ɗauke ku a dawo da ku. Amma ka dubi bayan yarinyar nan, ka dubi tabon da aka yi mata, ka tuna akwai ƙannenta da ake shirin kaiwa.” Ya yi shiru, sannan ya ce sai ya yi shawara da dagaci. Darasin shi ne ku riga su zuwa. Ranar da aka mayar da yarinya gida, ranar za ku gaida dagaci ko mai unguwa, ku yi masa bayani a gaban uban, ku bar lambar da za a same ku, ku kuma faɗa ƙarara cewa hidimar kotu ba za ta ci wa gidan ko sisi ba. Kada ku furta wannan sai kun tabbatar kun ware kuɗin.

Sai rubutu. Da ayyukan tallafi suka rufe, wasu ƙungiyoyi sun mayar da kwamfutocin da aka ba su, bayanan shekaru suka tafi tare da su. Ku sayi babban littafi mai kauri da akwati mai kwaɗo. Duk ƙorafin da ya zo, ku rubuta kwanan wata, sunan da dillali yake amfani da shi, lambar wayarsa, tashar da aka hau mota, nawa aka biya da kuma asusun da aka tura. Shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin murya na WhatsApp su ne suka fi tsayawa a gaban mai bincike, don haka ku roƙi iyali kada su goge komai, ko da saƙon zagi ne ko barazana. Sunan wadda abin ya shafa kada ya shiga wannan littafi. Ku ba ta lamba, ku ajiye sunayen a wani wuri daban da mutum biyu kaɗai suka sani. Kuma don Allah, komai tsananin rashin kuɗi, kada ku sa hoton yarinya a Facebook don neman taimako. Aurenta da zamanta a gari kuke jefawa cikin haɗari, kuna kuma nuna wa dillali inda take.

Ku san dokar da kuke tsaye a kai. An kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, a 2003, aka sake yi mata doka a 2015. Dokar 2015 ta toshe ƙofar da a da mai laifi yake biyan tara ya tsallake ɗauri, ta kuma haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau a gida. Mutane da yawa a unguwanninmu ba su san wannan na biyun ba. Hukumar tana da ofishin shiyya a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ana kuma kiranta a lamba 627.

Siyasa takan shigo ta ƙofa biyu. Ta farko sauyin shugabanni. Daga Disambar 2020 zuwa Satumbar 2021, mutum uku aka naɗa a jere a shugabancin NAPTIP: Imaan Sulaiman-Ibrahim, Basheer Garba Mohammed da Fatima Waziri-Azi. A 2024 kuma aka naɗa Binta Adamu Bello. Haka kwamishinoni da shugabannin ƙananan hukumomi suke sauyawa bayan kowane zaɓe. Idan duk alaƙarku da wata hukuma ta rataya a kan mutum ɗaya mai kirki da yake ɗaga wayarku, ranar da aka ɗauke shi kun koma farko. Saboda haka komai ku yi shi a rubuce, da sunan ofis, ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi. Ku kuma saba da ƙananan ma'aikata, masu bincike da masu kula da gidan ajiye waɗanda aka ceto, domin su ne suke daɗewa a wurin.

Ƙofa ta biyu ita ce wayar babban mutum. Za a kama wani, kafin magariba an bugo daga sama an ce yaron wane ne, a sassauta. Ba ku da ƙarfin hana wannan waya, amma kuna iya sa ta kasa kashe maganar. Ƙorafi ɗaya ku kai shi wurare da dama a rana guda: NAPTIP, 'yan sanda, ma'aikatar harkokin mata ta jiha, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da lauyoyi mata na FIDA waɗanda suke tsaya wa marasa hali. A ƙasan kowace takarda ku rubuta sauran wuraren da kuka kai. Jami'in da ya san wasu ofisoshi huɗu suna da kwafi zai fi samun abin da zai kare kansa da shi idan aka matsa masa. Ɗan siyasa kuwa in ya kawo gudummawa, ku karɓa ku ba shi rasit, amma kada hotonsa ko tutar jam'iyyarsa su hau bangon ofishinku. Gobe ɗaya ɓangaren ne zai hau mulki, ko kuma wanda za ku kai ƙara ya zama na hannun damansa.

Kada kuma ku zauna jiran matsin lamba daga waje. Tun 2001 Amurka take fitar da rahoton shekara-shekara da yake jera ƙasashe mataki-mataki bisa ƙoƙarinsu na yaƙi da safarar mutane, har Najeriya ta taɓa hawa mataki na ɗaya a 2009 kafin ta sauko. Gwamnatoci suna jin kunyar rahoton, mu ma mun sha kafa hujja da shi. Amma shi ma siyasa tana taɓa shi. A 2015 an ɗaga matsayin Malesiya ana tsakiyar tattauna yarjejeniyar kasuwanci da ita, watanni kaɗan bayan gano kaburburan 'yan ci-rani a kan iyakarta da Tailan. A 2025 an rage ma'aikatan ofishin da yake haɗa rahoton, shi kansa bai fito ba sai ƙarshen Satumba, alhali a watan Yuni aka saba.

Masu aiki a garuruwan iyaka kamar Maigatari, Kwangwalam, Jibiya da Illela, akwai abin da ya kamata ku riƙa warware wa mutane. A Nuwambar 2023 gwamnatin Janar Tiani ta Nijar ta soke dokar ƙasar ta 2015 da ta haramta jigilar 'yan ci-rani ta Agadas. Mutanen Agadas da yawa sun daɗe suna kallon dokar a matsayin ta Turai, wadda ta kashe musu sana'a ta kuma tura direbobi hanyoyin sahara masu haɗari, kuma ina ganin ƙorafinsu yana da tushe. Sai dai dillalai suna fakewa da wannan suna ce wa iyaye yanzu komai ya halatta. Ba haka ba ne. Dokar Nijar ta 2010 da ta haramta safarar mutane tana nan daram. Tun juyin mulkin Yulin 2023 da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, abin da muke gani shi ne takardar hukuma tana daɗewa kafin ta tsallaka iyaka. Wayar sarkin tasha kuwa ba ta daɗewa. Ku san 'yan kamasho da shugabannin direbobi na tasharku, ku nemi lambar shugabannin 'yan Najeriya mazauna Damagaram da Agadas, ku kuma san cewa IOM, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, tana da masaukin 'yan ci-rani a Agadas. Ɗan kamasho shi yake fara ganin mace ɗaya da yara mata shida waɗanda ba su san sunanta ba.

Batun kuɗi, ku juyo gida. Ku je wurin limamin unguwa ku ce, “Allah ya gafarta Malam, aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci 'yanta wuyaye da mai bashi da matafiyin da guzurinsa ya yanke a cikin masu cin zakka. Yarinyar da aka ƙwace wa fasfo a ƙasar waje, ina matsayinta?” Ku bar malamai su yi fatawarsu, ku kuma kai takarda Hukumar Zakka da Hubusi idan a Kano kuke. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Dawanau sun fi sakin kaya a kan tsabar kuɗi, don haka ku roƙi atamfa, sabulu, buhun gero ko shinkafa. Duk wata ku rubuta abin da ya shigo da inda ya tafi a takarda ɗaya, ku kai wa kowane mai bayarwa da hannunku. Wayar da kai kuma ba ta bukatar otal. Huɗubar Juma'a, makarantar Islamiyya ta matan aure, gidan suna, da shirye-shiryen rediyo da ake buga waya kai tsaye sun fi kaiwa inda dillaliya take kaiwa.

Wadda ta dawo, ku fara tambayarta bashi kafin ku yi maganar sana'a. Sau da yawa gona aka jinginar ko aka ci bashin dangi aka biya dillali, kuma wannan bashin ne yake sake tura ta hanya. Ku zauna da masu bin bashin a gaban mai unguwa a tsara biya kaɗan-kaɗan. Sannan ku tambaye ta abin da ta iya. Ba kowa ce take son keken ɗinki ba. Wata jarin ƙosai ko awara take bukata, wata komawa makaranta, wata kuma a haɗa ta da mai shago a unguwa ta koyi aiki a hannunsa.

Idan duk da haka ta kai ga dole ku rufe ofis, kada ku rufe da shari'a a hannunku ba mai riƙe da ita. Ku bi littafin nan shafi-shafi. Kowace magana da ba ta ƙare ba, ku rubuta mata takardar miƙawa zuwa NAPTIP ko lauyan da ya yarda ya karɓa, da ranar zaman kotu na gaba, da lambar wanda zai ɗauko mai shaida. Sannan ku kira kowane iyali da bakinku, ku gaya musu sunan ofishin da maganarsu ta koma da lambar da za su kira.